Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Nasiha Ga Mai Auna Lambobi a Rumbun Bayanai

Ɗana, ranar Juma'a da ka biyo ni gida bayan an sauko masallaci, na ga magana ta cika maka ciki. Ka ce kun kwashe bayanan wurin aikinku daga MySQL kun mayar da su PostgreSQL, sai ka tarar can babu TINYINT, wato ma'aunin lambar nan mai cin bayit ɗaya tak. Ka ce abin ya ba ka haushi, har ka ƙudura niyyar zama ka rubuta shi da hannunka, ka ƙara wa manhajar. Ban ba ka amsa a ranar ba, ga baƙi a zaure, ga abinci yana hucewa. Na ce zan rubuto maka. To ga shi, ka karanta a tsanake.

Niyyarka ta burge ni. Yaron da ke ƙyashin a ɓarnatar da ko bayit ɗaya, alama ce ya san darajar abin da aka ba shi amana. Mu da muka fara wannan sana'a a zamanin da ake ɗaukar aikin ofis guda a faifan da bai kai megabayit ɗaya da rabi ba, tsimi muka fara koya kafin komai. Sai dai shekaru sun nuna min cewa tsimin ma yana da tasa makarantar, kuma wanda bai shige ta ba yakan je neman gira ya rasa ido.

Bari mu fara daga tushe, ko da ka san shi. Kwamfuta da bit take ƙirga, kowane bit kuwa ko sifiri ne ko ɗaya. Bit takwas su ne bayit guda, kuma bayit guda yana iya ɗaukar lambobi 256 daban-daban, ba ƙari. In ka ware rabinsu ga lambobin da ke ƙasa da sifiri, za ka samu daga -128 zuwa 127. In ba ka ware ba, daga 0 zuwa 255. Bayit biyu, wato SMALLINT, yana tafiya daga -32,768 zuwa 32,767. Bayit huɗu, wato INTEGER, iyakarsa 2,147,483,647. Bayit takwas, BIGINT, lambarsa ta ƙarshe tana da alƙaluma goma sha tara. Ka ɗauke su kamar gwangwani, da mudu, da tiya, da buhu. Kowanne yana da ranarsa, kuma babu wanda zai ɗauki fiye da cikinsa.

Tun da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da tsarin ajiye bayanai a jadawalai masu alaƙa da juna a 1970, har aka tsayar da ƙa'idar harshen SQL a 1986, ma'aunan cikakkiyar lamba biyu aka amince da su: SMALLINT da INTEGER. Sai a ƙa'idar 2003 BIGINT ya shigo. Shi kuwa TINYINT da kake kewa, bai taɓa shiga ƙa'idar ba. Kowane gida ne ya ƙera nasa. A SQL Server yana tafiya daga 0 zuwa 255. A MySQL daga -128 zuwa 127, sai in ka rubuta masa UNSIGNED. Suna ɗaya, ciki daban, kamar yadda mudun wata kasuwa ba ya zama daidai da na wata. MySQL har da wani mai bayit uku gare ta, MEDIUMINT. Oracle kuwa in ka rubuta mata SMALLINT za ta karɓa ba musu, amma a ciki NUMBER take mayar da shi. SQLite, wadda Richard Hipp ya fara a 2000, wadda kuma take cikin wayar da ke aljihunka, ba ruwanta da sunan da ka kira gurbin: tana duba girman lambar da ka zuba, ta ba ta bayit ɗaya, ko biyu, ko uku, har zuwa takwas. Saboda haka rashin TINYINT a PostgreSQL ba mantuwa ba ce. Masu gidan sun san da shi, sun kuma zaɓi su tsaya a kan ukun da ƙa'ida ta sani.

Yanzu bari in ba ka labarin da ban cika son bayarwa ba.

Shekaru da dama da suka wuce na rubuta wa wani ɗan kasuwar hatsi 'yar manhajar lissafi. Mutumin kirki ne, yana da wakilai da ke zaga kasuwannin ƙauye suna saya masa masara da wake da shinkafa. Da yamma wakili ya kawo littafinsa, akawu ya shigar da adadin buhuna da farashin kowane buhu, manhaja ta fitar da jimilla a gwada da kuɗin da aka ba shi da safe. Da na zo gurbin farashin buhu, sai na tsaya na yi tunani irin na mai wayo. A lokacin babu buhun da ya kai naira dubu goma. Na ce me zai sa in kashe bayit huɗu a kan abin da biyu za su ɗauka har da ragi? Na sa SMALLINT. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Manhajar ta yi aiki shekara da shekaru, ba a taɓa kirana ba, har na manta da ita. Ita kuwa naira tana ta zubewa, hatsi yana ta hawa. Wata rana da daddare sai ga kiran Alhajin. Muryarsa a dushe. Ya ce, "Malam, yaron da na fi yarda da shi ya ci amanata. Shekararsa tara a hannuna." Ya ce yaron ya sayo buhu 200, ya rubuta a littafi cewa kowanne naira 36,000 ya biya, amma jimillar da kwamfuta ta fitar ta nuna akwai naira 646,600 da ba a san inda suka shiga ba. Yaron ya yi rantsuwa har da kuka, Alhaji ya ce kwamfuta ba ta ƙarya. An riga an karɓe makullin sito daga hannunsa, magana har ta kai gidan iyayen matarsa.

Washegari na je na buɗe jadawalin. Ina dubawa gabana ya faɗi. Farashin kowane buhu a wannan ciniki 32,767 ne. A wace kasuwa aka taɓa sallama buhu a kan farashin da ya ƙare da ɗari bakwai da sittin da bakwai? Wannan lamba ba ta kasuwa ba ce, bakin mudun da na ƙera ne. Tsohuwar MySQL da na ɗora masa, kafin a mayar da tsauraran dokoki su zama na asali a sigar 5.7, in aka zuba mata lambar da ta fi ƙarfin gurbi ba ta ƙin karɓa. Sai ta shafe abin da ya yi tozo, ta ajiye iyakar abin da gurbin zai ɗauka, ta bar wani ɗan gargaɗi a inda ba mai dubawa. Akawu ya buga 36,000, ita ta ajiye 32,767. Bambancin naira 3,233 ne a kowane buhu. Ka ninka sau 200, ka ga kuɗin da aka ce yaron ya sace.

Gyaran bai ɗauke ni minti goma ba. Abin da ya yi min nauyi shi ne tsayuwa gaban Alhaji da yaron in ce laifina ne. An mayar masa da makulli, an ba shi haƙuri, Alhaji da kansa ya je gidan surukansa ya wanke shi. Amma ka san halin mutane: waɗanda suka ji labarin sata sun fi waɗanda suka ji labarin wankewa yawa. Daga baya na zauna na yi lissafin abin da na tsimanta. Jadawalin nan bai kai layi dubu hamsin ba. Bayit biyu sau dubu hamsin, bayit dubu ɗari ke nan. Hoto guda na waya ya fi shi nauyi. A kan wannan na jefa mutuncin bawan Allah a kasuwa.

Kada ka zaci mu ƙananan ma'aikata kaɗai ke faɗawa wannan rami. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tashi karo na farko daga Kuru a yankin Giyana ta Faransa, ta kuma tarwatse a sama cikin kimanin sakan arba'in. Bincike ya nuna an ɗauko manhajar tsohuwar roka Ariane 4 aka ɗora mata, alhali sabuwar ta fi tsohuwar saurin karkata gefe. Wata lamba mai bit 64 ta zo shiga gurbi mai bit 16, ta fi ƙarfinsa, na'urar da manhajar ke cikinta ta tsaya. Na'urar da aka ajiye don ko-ta-kwana ita ma manhajar ɗaya ce a cikinta, don haka ciwo ɗaya ya kayar da su duka. A Disamban 2004 kuma, wani kamfanin jiragen sama na Amurka, Comair, ya soke tashin jirage sama da dubu a ranar Kirsimeti. Guguwar ƙanƙara ta sa an yi ta sauya jadawalin ma'aikatan jirgi, sauye-sauyen watan suka haye abin da ma'aunin bit 16 zai ƙirga, manhajar ta ƙi motsi. Ko INTEGER da muke ganin ya isa komai, a 2014 sai da YouTube ta faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo zuwa bit 64, saboda bidiyon wani mawaƙin Koriya ta Kudu ya doshi 2,147,483,647. Duk waɗanda suka zaɓi ma'aunan nan sun yi daidai a ranar da suka zaɓa. Duniya ce ta girma ta bar zaɓinsu a baya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To yaushe ƙaramin ma'auni ke da kyau? Ga abin da na tsaya a kai bayan daren da Alhaji ya kira ni. Kafin ka zaɓi ma'auni, ka tambayi kanka: wa ya sa wa abin nan iyaka? In halitta ce ko tsayayyar ƙa'ida ta sa masa, ka ba shi ƙarami da kwanciyar hankali. Watanni goma sha biyu ne, kwanakin mako bakwai, sa'o'in yini ashirin da huɗu, makin jarrabawa bai wuce ɗari, shekarun ɗan Adam ba sa kai 255. In hukuma ce ta sa iyakar, ka bar sarari, domin hukuma tana sauya ra'ayi. Jihohin Najeriya goma sha biyu ne a 1967, yau talatin da shida ne da Abuja. Su har yanzu bayit ɗaya zai ɗauke su. Amma ƙananan hukumomi 774 sun fi ƙarfinsa, sai SMALLINT. Mazaɓu 8,809 su ma SMALLINT zai riƙe su. Rumfunan zaɓe kuwa, da aka ƙara su a 2021 suka kai 176,846, sai INTEGER. In kuma kasuwa ce ko yawan jama'a ke tafiyar da abin, kamar kuɗi, da lambar rasit, da lambar da ke bin kowane sabon layi a jadawali, to babu wanda ya san iyakarsa sai Allah. Ka ba shi BIGINT, kuɗi kuma ko ka ƙirga shi da kwabo a BIGINT ko ka sa shi a NUMERIC, ka yi barcinka. Tela mai hankali in zai ɗinka wa dattijo riga yakan auna daidai jiki, in kuwa ta yaro ce sai ya bar ƙari a lanƙwashe.

Akwai kuma abubuwan da suka yi kama da lamba alhali suna ne. Lambar waya ta Najeriya alƙaluma goma sha ɗaya ce, da sifiri take farawa. In ka zuba ta a gurbin lamba, sifirin zai ɓace, sauran goman kuma sun fi ƙarfin INTEGER. Haka lambar NIN da ta BVN, kowacce alƙaluma goma sha ɗaya. Ka tambayi kanka ko akwai ranar da za ka tara lambobin waya biyu ka raba su gida biyu. In babu, to rubutu ne, ka ajiye shi a gurbin rubutu.

Yanzu mu dawo kan PostgreSQL ɗinka, mu ga ko bayit ɗayan da kake nema zai ma shigo aljihunka. Kowane layi a jadawalinta yana ɗauke da kan bayani na bayit 23, wanda ake cikawa ya zama 24, tun kafin a zuba komai naka. Sannan ba ta jera gurabe manne da juna yadda ka rubuta su. Kowane ma'auni yana da inda ya dace ya fara: mai bayit huɗu a kan ninkin huɗu, mai bayit takwas a kan ninkin takwas, a kan irin injinan da muke aiki da su yau. In ka sa SMALLINT sannan BIGINT ya biyo baya, za ta ajiye bayit biyu naka, ta bar shida fanko, sannan ta sa takwas. Jimilla goma sha shida. Da INTEGER ka sa a wurin, huɗu ne da fanko huɗu da takwas, goma sha shida dai. Da TINYINT ɗinka ne, ɗaya ne da fanko bakwai. Ka ga ka sha wahala a banza. Kamar mai lodin mota ne da ya ɗora ƙullin gishiri a tsakanin buhuna biyu, wurin buhu guda ya tafi. Dabarar da ke kawo riba ta gaske ba ta buƙatar sabon ma'auni: ka jera manyan gurabe a gaba, matsakaita su biyo, ƙanana su taru a ƙarshe. SMALLINT huɗu a jere bayit takwas kawai za su ci.

Sai kuma nauyin aikin da kake shirin ɗauka. Ƙara sabon ma'auni a rumbun bayanai kamar karɓar riƙon yaro ne, ba ranar da aka kawo shi ake gane nauyinsa ba. Za ka rubuta yadda za a karanta shi daga rubutu da yadda za a mayar da shi rubutu. Za ka rubuta tarawa, da ɗebewa, da ninkawa, da rabawa, kowanne da binciken ko sakamako ya yi ambaliya. Za ka koya masa gwada kansa da ɗan'uwansa, da SMALLINT, da INTEGER, da BIGINT, ta kowace fuska. Za ka shigar da shi cikin tsarin fihirisa, in ba haka ba bincike zai riƙa bin jadawali layi-layi. Za ka yanke hukuncin wane juyi ne zai faru da kansa, wane ne sai an nema, kuma nan ne ƙura take, domin kuskure kaɗan zai sa tambayoyin da suka shekara suna aiki su fara cewa ba su san wane aiki ake nufi ba. In ka tara 100 da 100 a ma'aunin da ya tsaya a 127, me zai fito? Kuskure, ko a ɗaga sakamakon zuwa ma'auni na gaba? Dole ka amsa. Bayan wannan akwai direbobin da ke haɗa rumbun da Java, da Python, da PHP, waɗanda ba su san baƙon naka ba. Duk shekara kuma PostgreSQL tana fitar da babbar siga, kai ne za ka bi ka tabbatar ɗan riƙonka bai karye ba. Ranar da ka bar wurin aikin, wa zai gaje shi?

Ban ce aikin haramun ne ba. PostgreSQL tun asalinta a Jami'ar Bakli ta Kalifoniya, ƙarƙashin Michael Stonebraker, an gina ta ne don a iya ƙara mata sabbin ma'aunai. Ɗaya daga cikin manyan masu kula da ita, Peter Eisentraut, ya rubuta wani ƙari mai suna pguint wanda ke kawo lamba mai bayit ɗaya da lambobi marasa ɓangaren ƙasa da sifiri. In don neman ilmi ne, ka ɗauko shi ka karanta, ka gina naka a kwamfutarka, za ka koyi abin da aji ba zai koya maka ba. Akwai kuma wuraren da bayit ɗaya ke da daraja ta gaske: jadawali mai layi biliyan, mai ƙananan gurabe da yawa a jere, irin na na'urorin da ke aiko da awo dare da rana. A can bayit ɗaya sau biliyan gigabayit ɗaya ne, kuma raguwar nauyi tana sa ƙarin layuka su zauna a ƙwaƙwalwar injin, bincike ya yi sauri. Amma na tambaye ka yawan layukan babban jadawalinku, ka ce wajen dubu ɗari huɗu. Tsakanin TINYINT da SMALLINT bayit ɗaya ne. Ko da babu fanko ko kaɗan, ribarka a kowane gurbi ba ta kai rabin megabayit ba.

Abin da kake so daga TINYINT, in ka duba da kyau, abu biyu ne: ƙanƙanta da kuma iyaka. Ƙanƙantar mun ga ba ta taka kara ta karya ba. Iyakar kuwa PostgreSQL ta ba ka hanyar da ta fi. Ka sa SMALLINT, ka ɗora masa sharaɗin CHECK da ke cewa wata daga 1 zuwa 12 yake, maki daga 0 zuwa 100. TINYINT zai karɓi wata na 13 bai ce uffan ba, sharaɗin kuwa zai mayar da shi daga bakin ƙofa. In sharaɗin zai maimaitu a jadawalai da yawa, ka yi masa DOMAIN ka ba shi suna. Inda kuka yi amfani da TINYINT(1) a MySQL don e ko a'a, ka mayar da shi BOOLEAN, wanda dama bayit ɗaya yake ci. Kuma ka gode wa Allah da halin wannan rumbu: in lamba ta fi ƙarfin gurbi, ƙin karɓa yake yi, ya faɗa da babbar murya. Manhajar da ta tsaya ta yi ihu ta fi wadda ta yi shiru ta rubuta ƙarya. Da wancan rumbu nawa ya yi ihu, da akawu ne zai kira ni da rana, ba Alhaji da daddare ba.

Kada kuma ka yaudari kanka da cewa in gurbi ya cika sai a faɗaɗa. A ƙaramin jadawali haka ne. A babba kuwa, sauya INTEGER zuwa BIGINT yana sa PostgreSQL ta kulle jadawalin gaba ɗaya, ta sake rubuta shi tun daga layin farko, ta sake gina fihirisarsa, jama'a na tsaye suna jira. Gurbi kuma ba ya cika ranar da kasuwa ta mutu, sai ranar da ciniki ya fi kowace rana yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa a al'adarka, ko sau ɗaya a wata uku, ka duba lamba mafi girma a kowane gurbi ka gwada ta da iyakarsa. Duk wanda ya wuce rabi, ka fara shirin sauya shi tun da sauran lokaci.

Ga abin da nake so ka yi kafin Juma'a mai zuwa. Ka ajiye maganar rubuta sabon ma'auni tukuna. Ka ɗauki takarda ka jera duk guraben da suke TINYINT a tsohon rumbunku. A gaban kowanne ka rubuta abin da yake ƙirgawa, da wanda ya sa masa iyaka, da kuma wanda za a tuhuma in lambar ta fito ba daidai ba: akawu ne, ko direba, ko mai tsaron sito. In ka gama ka kawo min mu duba tare. In muka samu gurbi ko guda ɗaya da ribar bayit ɗinsa ta kai a jefa mutuncin wani cikin haɗari, ni da kaina zan zauna in taya ka rubuta shi. Allah ya yi maka albarka, ya tsare hannunka daga zama sanadin zargin wanda bai ji ba bai gani ba.